Malam Ishaƙ Mai Rowar Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Ishaƙ na Ɗanzomo, bayan gajeruwar jinya a Gumel.

Malam Ishaƙ, kai ka fara shimfiɗa mana siririn tiyon nan mai ɗigo a gindin tumatir. Muka taru muna kallo kamar ana ɗiga wa jariri magani. Mu da muka saba malala ruwa ana gobe tsinka, don 'ya'yan su kumbura su cika kwando, sai ga ka kana rage ruwa da zarar tumatir ya fara ja. Ga tanki cike, ga rana tana ba wa sola wuta kyauta. Ni na raɗa maka Mai Rowar Ruwa, ka amsa har ka koma ga Allah.

"Alhaji," ka ce mini, "naka a gona yake da kyau. Nawa a mota."

Haka kuwa aka yi. Namu kafin ya wuce Maigatari ya tsage, kwando na zubar da ruwa. Naka ya isa Damagaram da taurinsa, mata suka yanka kauɗa ta yi auki. Ba ka yi mana dariya ba, sai dai kaɗan. Gona gona ka bi mu, kana tona ƙasa da yatsa, kana cewa a ba tumatir ruwa da safe, kaɗan kaɗan, kada yau ƙishi gobe ambaliya.

Ka tafi ka bar tumatirinka yana nuna, shi ne abincin gidanka na bana. Jiya Manu maƙwabcinka ya dawo daga zaman makoki, ya ga ganye ya yi yaushi da azahar, tausayi ya kama shi, ya nufi famfo. Matarka Husainatu ta aika a tsayar da shi: "A gaya wa Baba Manu, Malam bai bar shi da ƙishi ba. Haka yake so." Jama'a, mai son taimakon marayun nan ya zo tsinka da kwandonsa. Famfon kuwa a bar wa Husainatu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya shayar da kai daga Alkausara ba da awo ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Husainatu, da Ummi da Aminullahi, da dukkan mutanen Ɗanzomo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.