Rijiyar Mai Wankin Tumbi

Gwaggona wankin kayan ciki take yi a mayanka tun kafin in yi wayo. Mahauta su yanka, su feɗe, su jefo mata tumbi da hanji, ita kuma ta tsaga, ta zazzage kashin a lambatu, ta kora da ruwa. Haka ta tarar ana yi. Ba wanda ya taɓa damuwa da inda lambatun ya nufa, alhali ta bayan layinmu yake gangarawa, ya je ya kwanta a gindin katangarta.

A tsakar gidanta akwai rijiya. Marigayi mijinta ne ya haƙa ta da hannunsa, ruwanta muka sha muka girma. Da yanka ya ƙaru a mayankar, sai ruwan ya soma ƙarni, daga baya ya koma ɗoyi. Jikarta ta yi ciwon ciki har sai da aka kwantar da ita a asibiti. Ranar da aka sallamo yarinyar, babban ɗan Gwaggo ya shigo da shebur.

"Inna, cike ta za mu yi. Rijiyar nan ta mutu."

"Wanda ya haƙa ta ne ya mutu," in ji ta. "Ita ciwo take yi. Ka bar min ita zuwa ƙarshen damina."

Ya yarda, bisa sharaɗin ba mai sha.

Washegari ta aro baro. Ta daina zazzage tumbi a lambatu, sai a cikin baron, in ya cika ta tura shi wurin wani mai lambu. Aikinta ya koma tafiyar hawainiya, mahauci kuwa ba ya jira. Masu kawo mata wanki suka watse zuwa wurin sauran mata masu wankin tumbi, in ta zo wucewa kuma su yi mata tsiya.

"A ba da hanya, ga uwar kashi nan tafe!"

"Matsa, ɗan nan, kar in haɗa da kai," take cewa, ko kallonsu ba ta yi.

Ni kam raina ya ɓaci. Tsohuwa da ciwon baya tana tura ƙazanta, ƙattin banza suna dariya! Na ce mata, "Gwaggo, ke kaɗai za ki tare dattin mayanka guda?"

"Nawa na tare. Na sauran kuma yanzu zan tsaya musu a kai."

Ashe da gaske take. Ta kai baron ta girke shi a bakin lambatun, ta kawo kujerarta ta zauna. Duk wadda ta zo zubarwa sai ta roƙe ta ta gusa, Gwaggo kuwa ba ta gusawa, sai dai ta hau tambayar lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da na goye. Matan suka ga juyewa a baro ya fi sauƙi. Shugaban mahauta ma ta hana shi sakat, har ya sa aka riƙa tarar jini a ganga don ya huta da bakinta. Mai lambu da ya ga taki ya samu, ya fara zuwa da amalankensa.

Damina ta wuce, ɗanta ya dawo da shebur ɗinsa. Gwaggo ta zura guga, ta jawo, ta sunkuya ta daɗe tana shinshinawa. Ɗoyin ya tafi, ƙarnin yana nan kaɗan. Ba ta sha ba, amma ta kamfata ta wanke fuskarta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Shi ma ya shinshina. "Bai kai a sha ba, Inna."

"Na ce maka a sha? Jingine min shebur ɗin can. Gobe da shi zan loda baro."