Ɗanasabe, Ma'aikacin Bargar da Bai Yarda da Ido Ba

Ƙarfe shida na safe Malam Ɗanasabe yake barin gidansa a unguwar Soundview, kafin bakwai yana cikin wata ƙaramar barga a gefen Bronx. Shekara goma sha tara ke nan. Dawakan da yake kula da su ba su fi ragon layya tsayi ba. Na gasar nuna kyau ne, ana yi musu aski da kwalliya a zaga da su gaban alƙalai daga bazara zuwa kaka. Da sanyi ya shigo sai a rufe gasa, masu ɗaukar hoto su watse, a bar shi da su.

Mutumin Maraɗi ne, kuma bai yarda da komai ba. Damin ciyawa sai ya kwance ya shinshina, ko ya yi fumfuna. Ruwa sai ya tsoma yatsa, don in ya cika sanyi dawakan ba sa sha. Sannan ya ja kowanne da igiya su zaga fili, kada zama ya tara musu kitse.

Sanyin bara aka ɗauki sabon mai horarwa, Hakeem, ɗan unguwar Harlem. Akwai wata goɗiya, Zuma, da gashin sanyi ya yi wa buzu-buzu, duk wanda ya gan ta sai ya ce ta yi ƙiba. Hakeem ya ce a rage mata abinci kaɗan. Ɗanasabe ya cusa hannu cikin gashin, ya ji haƙarƙari a tsaitsaye.

Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa Hakeem na kwashe mata ciyawa a ɓoye, don ta fito siririya ranar gasa. Ya shiga sa masa ido, har zare yake ƙullawa a ƙofar ɗakinta don ya san ko an buɗe. Shi kuma Hakeem yana zargin tsohon da ƙara mata dusa. Magana ta kai ga matar da ke da bargar, ta ce duk wanda ya sake yin gaban kansa ya nemi wani wurin.

Rana ta huɗu da wannan kashedi Ɗanasabe ya durƙusa ya tona shimfiɗar Zuma da hannu. Ya tarar da curi-curin ciyawa da aka tauna aka tofar. Bai nemi izinin kowa ba, ya kira Sa'adiyya, likitar dabbobi 'yar Kano da ke duba su.

"Baba, yau ba ranar zuwana ba ce," in ji ta.

"Ki zo dai, ɗiyata. In ƙarya na yi su kore ni."

Da ta buɗe bakin goɗiyar, sai ga haƙori ya yi tsini ya tsaga mata kunci. Ashe abincin na nan, cinsa ne ya gagara. Likita ta ce yunwa ta fara taɓa hanta, kuma ƙananan dawakai ba sa daɗewa a haka. Da an ƙara kwana biyu, da sai dai labari.

Zuma ta warke. Amma tun ranar Ɗanasabe ya sami Hakeem a gaban kowa ya ce, "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

Hakeem ya miƙa hannunsa. "Ni ma na zarge ka. Nuna mini inda ake taɓawa a ji haƙarƙari."

Malam Ɗanasabe, kai ne ka yi aikin watannin da babu mai tafi. Ba a taɓa kiran sunanka a filin gasa ba. Ka zargi ciyawa, ka zargi ruwa, da zarginka ya faɗa kan mutum bisa kuskure kuma ba ka ji nauyin neman gafara wurin sa'an ɗanka ba.

Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, gwiwa ta ce ka huta. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda aka ba amanar abin da ba ya magana, ya yi koyi da kai: ya durƙusa ya duba da kansa.