Ɗakunan Zanzaro a Bangon Kaka Tabawa

A gidanmu na Cadawa, idan sanyi ya shigo, da an gama cin tuwo Kaka Tabawa kan hura wutar karan gero a ƙofar ɗakinta, mu yara mu kewaye ta. Babu jikanta na jini a cikinmu. Yayar kakata ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, da uwata ta rasu aka kai mata ni ina rarrafe. Yaran gidan kuwa ba sa bari in manta. Da faɗa ya haɗa mu sai in ji, "Kai da aka kawo." Maganar tana ci mini rai, har nakan kwanta ina tunanin ranar da za a mayar da ni inda aka ɗauko ni.

Bangon ɗakinta cike yake da ɗakunan zanzaro, 'yan gine-ginen laka kamar yatsa, kuma ba ta yarda a fasa ko ɗaya. Rannan na zo bakin wuta ina share hawaye. Ta dube ni ta ce, "Mai gidana, wa ya taɓa min kai? Zamna nan kusa da ni, yau tatsuniyar taka ce."

Wai zanzaro ta ga ƙugunta ya cika siriri, ciki ba shi da wurin zama, ta san ba za ta haihu ba. Ta je roƙon ɗa wurin tururuwa, tururuwa ta ce nata duk suna gona. Ta je wurin zuma, aka koro ta da harbi. A hanyar dawowa ta tarar da wata koriyar tsutsa a kan ganyen zogale, ita kaɗai, tsuntsu na shawagi a kanta. Ta sungume ta, ta kwaɓa laka, ta gina mata ɗaki ta liƙe ƙofar, kullum ta zo ta yi mata 'yar waƙar nan tata. Ana nan laka ta tsage, sai ga ɗan zanzaro ya fito da ƙugu irin na uwarsa.

"To ku hwaɗa mini," in ji Kaka, "ɗan wa ne?" Muka ce na zanzaro. Ta zuga wutar ta ce, "To kun jiya. Kowa ya sake ce ma mijina kawo shi aka yi, ni da shi ne." Daga ranar ban ƙara kwana da tsoron nan ba.

Yanzu aikina bin lambunan Gazawa ne, ina ɗaukar hoton tsutsotsin da ke cinye zogale da tumatir, ina rubuta inda na gan su da irin malam-buɗe-littafin da kowace ke zama. A wani lambu na tarar da ɗakin zanzaro da ruwan sama ya fasa, na leƙa. Ga koriyar tsutsa kwance, da ranta amma ba ta motsi, harbinta aka yi. A jikinta wani ɗan farin abu yana cin ta. Ashe ƙwai zanzaro ke sawa, tsutsar kuwa guzurin ɗanta ce.

Na daɗe a tsugune, raina a ɓace, kamar an ƙwace mini wani abu nawa. Sai daga baya na tuna cewa Kaka ta yi shekara da shekaru tana sharar gindin bangon nan. Ba yadda za a yi a ce ba ta taɓa ganin abin da ke cikin ɗakunan ba. Ta zaɓi abin da yaro zai iya barci da shi ne.

Gaskiyar ma ta fi tatsuniyar kama da mu. Awakinta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya a kan karatuna na lakol, wato makarantar boko. Shekarar da gero bai yi ba, takan ce ta ƙoshi, ta turo mini kwanonta, ni kuwa in cinye har in suɗe hannu. Na girma ina ɗauka ni ne tsutsar da aka tsinta. Ashe ni ne mai cin, ita ce ta kwanta shiru. Ran da fukafukaina suka fito na tafi Maraɗi, abin da ya rage na ƙarfinta bai kai ta damina mai zuwa ba, ta rasu.