Baban da Malam Ɗantsoho Ya Ƙi Ƙanƙantawa

Shekara arba'in da ɗaya Malam Ɗantsoho na Tsafe ya yi yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya fi girma a gida shi ya fi girma a zane, ko yana kusa ko yana nesa.

Ni kuwa malamar 'yan rabin aji ce a Gusau, ɗalibaina talatin da biyu. Na ɗauko shi ya zana min katun na minti biyu don ranar taron iyaye: shi zane a takarda, ni ɗauka da waya. Fim ɗinsa na farko ke nan, har ya gayyato direbobi shida.

Labarin uba ne zai tafi gona. Na ce, "Malam, katun na zamani yana da zurfi. In Baba yana nisa, sai ya riƙa ƙanƙancewa."

"Ɗiyata, uban ya koma bai kai akuya ba?"

"Haka ilimin ya ce."

Sau tara muka yi gardama, sau tara ina yin nasara. Ya zana takarda ɗari biyu da arba'in yana tsaki.

Saura kwana biyar na gwada wa yara. Baba ya yi sallama, ya kama hanya, ya koma kamar ƙuda, ya ɓace. Yara ashirin da bakwai suka fashe da kuka. Muzdalifa, 'yar shekara huɗu, ta ce, "Anti, Baba ya ƙare!" Washegari ta riƙe babur ɗin mahaifinta, ta hana shi zuwa Rawayya kada ya ƙare a hanya. Hedimistires ta ce ko a gyara, ko a soke fim ɗin.

Na koma Tsafe. Malam ya sake fere fensir. A sabon zanen Baba yana nan da girmansa, ya bi bayan rumbu, ya bi bayan bishiyar kuka, sai hularsa kawai ake hange saman dawa.

Ranar taro ba yaron da ya yi kuka. Muzdalifa ma leƙa bayan allon da aka haska fim ɗin ta yi, ko za ta ga gonar. Iyaye goma sha tara suka yaba min zurfin aikin, na karɓe yabon ni kaɗai. Malam yana can baya tsakiyar direbobinsa, daga inda nake tsaye ɗan ƙarami.