Malam Iliya Bakanike, Wanda Ya Damƙa Mini Sitiyari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin karyawa waya ta shigo daga Karaye. Malam Iliya Bakanike ya rasu bayan sallar asuba, a gidansa na Kafin Dafga.

Ban yi niyyar rubuta komai ba yau. So na yi in zauna shiru da baƙin cikina. Sai na ga an sa hotonsa a intanet, jama'a suna ta addu'a, can ƙasa kuma wani bawan Allah ya yi kwament wai, "Allah ya yafe masa, shi ya fara koya wa matan aure yawo da mota a garin nan."

To, ni ce matar auren. Ina nan da raina. Tunda an taɓo, sai a gyara zama a ji.

A ƙarshen shekarun tamanin ina malamar asibiti, aka yi mini tiransifa zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani a wajen Ruwan Bago, gidana kuma yana Karaye. Wanda ya san hanyar a lokacin ya san abin da nake nufi. Sai ka yi tsaye a tasha har rana ta take ba a cika mota ba. Mai naƙudar da ta gagara kuwa a amalanken shanu ake kawo ta, kuma a amalanken ake neman wucewa da ita babban asibiti. Da idona na ga waɗanda ba su kai ba.

Marigayi maigidana magatakarda ne a ofishin hakimi. Yana da tsohuwar akori-kura da yake kwaso gyaɗa da dawa daga gona. Ciwon ido ya kama shi, gani ya yi ta ja baya, har ya ajiye tuƙi. Motar ta zauna a gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Shi da bakinsa ya ce mini, "Ga mota tana ruɓewa, ga ki kina tsayuwar tasha. Wannan wane irin lissafi ne?" Shi ya aika aka kira Malam Iliya.

Gajere ne kakkaura, ɗan yatsansa guda a karkace, fankar inji ta taɓa cin sa. Ba ya doguwar magana. Ya zauna a zaure, ya saurari maigida har ya gama, bai ɗago ido ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, koyarwa ba ta da wuya. Amma kai za ka riƙa zama a tsakaninmu. Sannan ba za ta taɓa sitiyari ba sai ta iya kwance taya."

Na zaci wasa yake. Ashe da gaske ne.

Makonni na yi ban kunna motar nan ba. Kullum bayan la'asar, sai duba baƙin mai, sai ruwan batir, sai wanke filogi, sai yadda ake kafa jak a ƙasa mai yashi. Ya hana ni buɗe lagireto, wato tankin ruwan inji, da zafi, ya nuna mini tabon ƙuna a wuyansa don in ji tsoro, na kuwa ji.

Ranar kwance taya na sha kunya. Na danna sifana da hannu, na taka da ƙafa, noti ya ƙi motsi. Na ce, "Malam, wannan ai sai maza." Washegari ya zo da wani dogon bututun ƙarfe da ya yanko a garejinsa, ya zura a bakin sifanar, ya ce, "Malama, danna." Na danna, noti ya juya kamar an roƙe shi.

Da ya lura ƙafata ba ta kai kuloci sosai, matarsa Iya Hanne ya sa ta ɗinko mini matashi mai kauri. Ban roƙa ba.

A filin makaranta muka fara tuƙi, mu uku a gaba, maigida a tsakiya da baƙin tabarau. Duk sanda na saki kuloci da gaggawa motar ta zabura ta mutu, sai ya ce, "Malam Iliya, har mun iso Kano?" Malam Iliya ya ce, "Saura kaɗan, ranka ya daɗe. Malama, sake tayarwa."

Gari kuwa ya ɗauka.

A tasha aka raɗa masa suna mai makarantar mata. Wasu direbobi suka janye motocinsu daga garejinsa. Wani dattijo ya taka har can ya yi masa nasiha, wai ya ji tsoron Allah. Malam Iliya yana ƙarƙashin mota, ko fitowa bai yi ba, ya ce, "Baba, mijinta ne ya ce a koya mata, kuma yana zaune a wurin. Kai wane ne nata?"

Garejin ya yi shiru na tsawon lokaci, har ya koma gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Bai taɓa faɗa mini ba. A bakin Iya Hanne na ji, shekaru bayan nan.

Yanzu ga yawon da na yi da motar, ga mai son sani.

Damina ta yi tsakiya, aka kawo mini wata yarinya Saude daga wani ƙauye, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ga jini. Ina duba ta na san wannan ta fi ƙarfin ɗakina, sai an yi mata aiki. Ruwa ake yi tun safe. Na tura mijinta neman motar haya, don ban taɓa shiga taɓo irin na ranar ba. Ya dawo a jiƙe, ya ce duk wanda ya roƙa ya ce hanya ba ta biyuwa.

Na sa aka shimfiɗa katifa a bayan akori-kura, aka ja tamfol. Mijin da uwarsa suka riƙe ta. Na yi bismillah na tayar.

Mun ci kusan rabin hanya sai na ga allurar zafi ta haye, tururi yana fita ta gaba. Na tsaya, na buɗe bonet. Fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, ya tsinke.

Ba gida kusa, ba mota a gaba, ba a baya. Ina jin nishin Saude ta cikin ƙarar ruwan sama. Mijin ya diro ya tsaya kusa da ni yana salati, bai san ko sunan abin da ya lalace ba.

A bayan kujera akwai sabon fambel da sifanu biyu a ɗaure cikin tsumma. Malam Iliya ne ya sa su tun ranar da na fara fita ni kaɗai, kuma sai da ya sa na cire na mayar a gabansa har hannuna ya saba. Na sassauta noti, na zura, na ɗaure. Inji ya ƙona mini damtse, tabon yana nan. Na daure na jira ya huce, Allah ya sani jiran nan ya fi komai ciwo, sannan na tace ruwan kududdufi da ɗankwalina na cika lagireto.

Muka isa. Aka ceci Saude. Jaririn bai zo da rai ba.

Kafin in dawo gida magana ta riga ni. Wai da namiji ne a sitiyari da an isa da wuri. Wai mace ta tsaya wasa da inji har ɗa ya mutu.

Wannan ta karya ni. Na kwanta na yi kuka, na aika wa Malam Iliya da mukulli, na ce ya nemo mai saye.

Da hantsi sai ga shi a zaure da mukullin a hannu. Ya gaida maigida, sannan ya ɗaga murya yadda zan ji daga ciki.

"Malama, na duba fambel ɗin da kika ɗaura. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Rai biyu kika ɗauko, Allah ya bar miki ɗaya. Da kin zauna, biyun za a binne. Fito ki kai ni tasha."

Ranar kasuwa ce, tasha a cike. Maigida ya zauna gaba kusa da ni, Malam Iliya ya hau baya ya tsaya riƙe da ƙarfe kamar kwandasta. Ya sa na shiga har tsakiya na kashe mota.

Daga saman motar ya ce, "Salamu alaikum. Ranar ruwan nan, an zo neman mota a wurinku ko ba a zo ba? Wa ya tayar da tasa? To, wanda bai fita ba ya rufe bakinsa. Malama, mu tafi."

Wani direba ya ce, "Allah ya huci zuciyar Malam." Wasu suka sunkuyar da kai. Wasu kuma har ya tsufa ya bar aiki ba su sake kai masa mota ba. Ko a jikinsa.

Ni kuwa ban sake ajiye mukulli ba. Akori-kurar nan ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki wanda maciji ya sara a gona, ta ɗauki gawa, ta ɗauki amare. Kowace Juma'a in biya ta gareji ya saurari injin, ya taka birki, ya ce tafi.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar sallar bara ne. Na tuƙo daga Kano, inda nake zaune tun da na yi ritaya. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, ƙafafu sun ƙi, hannu yana karkarwa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Birkinki na gaba yana kuka tun daga kwanar masallaci. Ki canza kafin ki koma. Kar ki ce sai gobe."

Muka yi hira, muka tuna maigida, ya yi masa addu'a mai tsawo. Can ya ce, "Malama, an daina maganar nan kuwa?" Na ce an daina, Malam, yanzu mata nawa ke tuƙi. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ba a daina ba. Ƙyale su."

Ya sa aka cika mini kwando da gyaɗa. Na ce zan dawo da kaka. Ban samu dawowa ba.

Kai mai kwament, ban san ka ba, kuma ba zan kama sunanka ba. Yafiya dai kowa yana nema, ni da kai da shi. Amma wannan aikin ba ya cikin abin da nake roƙa masa gafara a kai. Cikin abin da nake fatan ya tarar a mizani yake. Saude tana nan da ranta, da 'ya'yanta da jikokinta. Ita ce ta biyu da ta kira ni yau, ta kasa magana don kuka.

Ya Allah, bawanka Iliya ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka haɗa shi da maigidana a Aljanna Firdausi. Ka ba Iya Hanne da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ina roƙon ku don Allah, kada ku wuce haka. Ko ba ku san shi ba, ku tsaya ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa: Iliya. Allah ya jiƙan namu da naku, ya kyautata tamu in ta zo.