Ruwan Butocin Makoki

Sauro bai taɓa cizon mijina ya tafi haka nan ba. Tun ina amarya a gidanmu na Fagge na san wannan. Inda wani zai sosa ya manta, shi sai wurin ya tashi kamar an cusa masa ƙwai a ƙarƙashin fata, ya yi ja, ya yi zafi, ya daɗe bai saɓe ba. Ko da bazara safa yake sawa da riga mai dogon hannu. Abokan aikinsa a tashar jirgin ƙasa Bature suke ce masa.

Kullum kafin magariba sai ya zagaya gida. Ya kifar da gwangwani, ya zubar da ruwan kaskon kaji, ya rufe randa, ya duba ko gidan sauro ya yage. Nakan ce, "Malam, kai da ruwa kamar kuna shari'a."

Sai ya ce, "Ba da ruwan ba, da 'ya'yan cikinsa."

'Yata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. In na yi shiru tana jira, ta san kuka nake.

Jikarmu, 'yar babban ɗana, ita ta gado jinin nan nasa. Ubanta yana da rumfa a Kantin Kwari, uwarta tana koyarwa, don haka a wurina take wuni. Malam ya sha gaya mini, "In kumburin ya tsaya inda aka cije ta, ki wanke da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki yanke mata farce, ki ba ta maganin ƙaiƙayin da likita ya rubuta. In ya hau leɓe ko ido, ko muryarta ta canja, kada ki tsaya neman mayafi mai kyau."

Da damina ya rasu. Maƙwabta suka kawo butoci da bokitai da baho saboda alwalar masu ta'aziyya. Da mutane suka watse aka jera su a bayan madafi, ruwan sama yana cika su. Na shiga takaba. Ina cin abin da aka ajiye mini, ina amsa gaisuwa. Butocin nan ina ganinsu kamar yadda nake ganin bango.

Wata rana bayan la'asar, ƙanwar Malam da wasu mata suna zaune a ɗakina, yarinyar ta shigo tana sosa wuya. Cizo biyu ne a bayan kunne. Na ɗora mata tsumma. Kafin mata su gama zancen da suke yi, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, leɓenta na sama ya tashi.

Ƙanwar Malam ta ce, "Borin jini ne. A ba ta manja ta sha, yanzu zai kwanta."

Yarinyar ta ce, "Kaka." Muryar ba tata ba ce. A shaƙe ta fito, numfashinta yana ɗan fito kamar buta a kan wuta.

Na miƙe na goya ta.

Ƙanwar Malam ta ce, "Yaya, ina za ki? Takaba fa kike yi! A kira ubanta mana."

Na ce, "Kafin ya fito daga cunkoson Kwari?"

"To ni ba ni ita."

Ban ba ta ba. Ba ta san abin da za ta faɗa wa likita ba, ni na sani. A bakin ƙofa ƙafata ta shiga wasu takalma, sai a cikin adaidaita na ga silifas ɗin Malam ne.

Wani ƙaramin asibiti muka je a Sabon Gari. Nas ɗin 'yar Ibo ce, haifaffiyar unguwar, Hausarta kamar tawa. Kallo ɗaya ta yi wa leɓen ta ce, "Mama, sauke ta nan. Me ta ci?"

Na ce, "Ba ta ci komai ba. Sauro ne. Kakanta ma haka yake."

Ban ce ya rasu ba. Aka yi wa yarinyar allura a cinya, aka ce mu zauna a gani. Na zauna ina kallon silifas. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. A hankali fiton nan ya daina. Sai ta ce tana jin ƙishirwa, da muryarta ta kullum.

Washegari aka sallame mu. Limamin unguwa ya aiko cewa fitar larura ba ta ɓata takaba. Ban tambaya ba, amma na gode.

Da yamma na zagaya bayan madafi. Ruwan bahon ya yi kore, ƙananan abubuwa suna ta wutsil-wutsil a ciki. Na kifar da shi. Na bi butocin ɗaya bayan ɗaya, har da ta Malam, mai karyayyen hannu. Yarinyar tana tsaye a bayana cikin doguwar riga da safa.

Ta ce, "Kaka, yanzu ke ce Malam?"

Na ce, "Ɗauko mini murfin randa."