Mai Ganga ta Biyu

Ni dai hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Guangzhou, da na kama ƙarfe sai yatsuna su hau buga shi, har mutane su riƙa satar kallona. Gado ne. Mahaifina makaɗin mahauta ne a Kano, kalangu yake kaɗawa, ni kuma na tashi ina bin sa da kuntuku, 'yar gangar nan da ke riƙe wa babba kiɗa. Da ya rasu aka rataye kalangun, na faɗa harkar tufafi, ita ta kawo ni Sin. Na bar kiɗa, amma yatsuna ba su samu labari ba.

Su ne suka haɗa ni da wani tsoho. Ina zaune a wani gidan abincin Musulmi a unguwar Sanyuanli, raina a ɓace, don na wuni a kasuwar tufafi ta Shisanhang, duk shagon da na shiga sai a ce min "meyo", wato babu. Ina jiran taliya ina ƙwanƙwasa tebur da tsinken cin abinci, sai na ji wani yana amsa min da cokali daga baya. Na waiwaya na ga wani dogon Bature, gemu fari fat har ƙirji, gashi a ɗaure a ƙeya. Ya ce da Turanci, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce babana. Ya jawo kujera ba tare da an yi masa tayi ba.

Daga nan muka saba. Duk zuwan da na yi sai mun haɗu, ya yi ta zuba, ƙafarsa tana rawa a ƙarƙashin tebur kamar ta tela. Mutumin kudancin ƙasar Amurka ne, ƙasar auduga da zafi. A coci ya fara taɓa ganga, yana saurayi ya shiga ƙungiyar masu jita, irin waɗanda waƙarsu ɗaya sai ta kai a dafa shinkafa a sauke ba su gama ba. Sun yi ta yawo a mota gari-gari, sun cika filayen ƙwallo, sun yi suna, sun yi shashanci kuma, shi da bakinsa ya faɗa. Sai yayi ya wuce su. Daga filin ƙwallo aka koma bukukuwan tsofaffi, daga nan sai ƙananan mashaya. Ƙarshe wata masana'antar ganguna a gefen Guangzhou ta ɗauke shi aikin gwaji: ya buga ganga, ya kasa kunne, ya ce a wuce da ita ko a mayar. Wuni yake yana dukan ganga, amma ba ya kiɗa.

Dalilin shi ne a ƙungiyarsu makaɗa biyu ne ke zama kafaɗa da kafaɗa, haka al'adar kiɗan nasu take. Tun suna samari yake kiɗa da abokinsa, har abokin ya rasu. Ya ce min tun daga ranar bai kai waƙa ɗaya ƙarshe ba. Ya fara, ya zo tsakiya, ya ajiye sanduna.

A wani zuwan na same shi ya rame, hannunsa na hagu yana karkarwa har shayi na zuba. Likita ya ce abin gaba zai yi, masana'anta ta sallame shi, gida zai koma. Ya ce, "Waƙa ɗaya nake so in gama kafin hannun nan ya ƙwace min. Kai za ka zauna a ganga ta biyu." Na ce ni fa ɗan kasuwa ne, lawban, kamar yadda Sinawa ke ce wa maigida. Ya kalli yatsuna da ke ta aikinsu a kan tebur, ya yi dariya. Tausayinsa ya kama ni, na kasa cewa a'a.

Ranar tafiyarsa muka haɗu da azahar a sito na wani abokina Bamaraɗe da ke harkar aika kaya kusa da filin jirgin Baiyun, don a nan za a ɗaure gangunansa. Ni waɗannan ganguna masu faifan ƙarfe ban san kansu ba, sai na zaɓi ƙarama guda na sa a gaba. Ya fara, na kama masa. Wallahi tsohon ya iya, har da hannu mai rawar. Can sai ya ɗaga sanduna ya bar fili. Ni kuma na ci gaba da riƙe kiɗa, tas, tas, tas, ina jiran ya dawo. Bai dawo ba. Aka sake, aka kuma sakewa, kullum a nan muke tsayawa. Direban tasinsa ya fara danna oda a waje.

Ya jefar da sanda ya ce, "Me ya sa kake barina ni kaɗai a wurin?"

Na yi masa bayani. A gidanmu in mai kalangu ya yi shiru, numfashi yake, mai kuntuku ba ya sa baki. Ranar da na gwada ina yaro, da sandar kiɗa babana ya ƙwale min kai a gaban mahauta. Ladabi ne nake yi masa.

Ya ce, "Wannan filin ba nawa ba ne. Na abokina ne. Ni ban san me ake bugawa a ciki ba, shekara da shekaru saurare kawai nake."

Bamaraɗen, da ke jingine da dilar atamfa, ya ce, "Kai Bakano, mi kaka jira? Ku da ba ku barin kowa ya yi magana a kasuwa, yau kunya ta kama ka? Faɗa mishi, wanga tsoho jirgi na jira nai."

Muka koma farko. Ba ni da abin da zan zuba a filin nan sai abu ɗaya: taken da babana ke yi wa sarkin fawa in an kayar da bijimi. Na ji shi ya fi a ƙirga, amma ban taɓa buga shi ba, ba na yara ba ne. Da tsohon ya ɗaga sanduna na ɗan yi jinkiri, sannan na sake shi. Ganga ba kalangu ba ce, ba ta lanƙwasa murya, amma taken ya fito, har na ji ƙamshin mahauta a hancina. Tsohon ya cafke shi a sama, ya mayar min, na mayar masa. Masu lodi suka ajiye kwali suka tsaya. Haka muka yi ta miƙa wa juna har ya daki faifan ƙarshe ya riƙe shi da tafin hannu.

Ya jima yana haki, gemu sharkaf da gumi. Ya ce, "Ba haka yake buga shi ba."

Na ce, "Na sani. Na babana ne."

"To ka gaya masa a makare ya shigo."

"Ai ya daɗe da rasuwa."

Ya gyaɗa kai yana goge ido da bayan hannu. "Abokin nawa ma haka yake, kullum sai na jira shi."

Direba ya sake danna oda. Tsohon ya dubi hannunsa na hagu, ya matse shi da na dama har ya lafa, ya sunkuya ya ɗauki sanda. Ya ce, "Mu sake."